Malam a Cikin Firiji

Mijina gyaran firiji yake yi, amma kar ka kuskura ka kira shi mai gyara. Injiniya ne. Shi ya raɗa wa kansa, shi ya rubuta a ƙofar shago da jan fenti, ni ma da nake aurensa haka nake kiransa don a zauna lafiya. A bayan idonsa kuwa duk layinmu Ai-na-sani suke ce masa, domin ba a taɓa fara magana a gabansa an kai ƙarshe ba. Ka ce masa matar wane ta haihu, ai ya sani. Ka ce 'yan biyu ne, ai tun daga tafiyarta ya gane.

Babana yana zaune tare da mu tun rasuwar Inna, a ɗakin da ke jikin falo. Shekara talatin ya yi yana dafa abinci a jirgin ruwa, kuma abin da ya rage masa na teku shi ne akwatin gilashi guda mai ruwan gishiri, da kifi ɗaya tal a ciki. Kifin bai wuce tafin hannuna ba, falale ne, rawaya da fari, da ɗan baki mai tsini. Baba ya ce sunan irinsu kifin malam-buɗe-littafi, saboda launinsu da yadda suke yawo a ruwa. Mu a gida muka gajarce, muka koma ce masa Malam.

Da shi Baba yake hira tun safe. Sai dai yanar ido ta rufe masa ido biyu, shekara biyu ke nan ba ya ganin komai a akwatin sai wani abu rawaya-rawaya yana giftawa. Na yi magiya, na yi kuka, ya ƙi yarda a yi masa aiki. Ranar da ya yarda, ba don ni ya yarda ba.

"Auta," ya ce da ni, "ina so in ga Malam sosai kafin ɗayanmu ya riga ɗaya."

Likita ya ce za a riƙe shi kwana biyar saboda hawan jininsa, ni ce kuma mai jinya. Da safen da za mu tafi, Baba ya zaunar da ni yana faɗa ina rubutawa: in ruwa ya ragu a ƙara tataccen ruwa zalla, kar a sa gishiri, don ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan. A ba shi yankakken jatan lande ɗan mitsitsi sau biyu a rana, yana nan a leda cikin ƙanƙara. Kar a kashe injin da ke juya ruwan. Kar a taɓa shi, kar a sauya masa wuri.

Injiniya ya zare takardar daga hannuna tun ban ɗiga aya ba.

"Haba Baba! Ni da nake sa ƙarfe ya haifi ƙanƙara a tsakiyar zafi, ɗan kifi ne zai gagare ni? Ku tafi hankali kwance. Kafin ka dawo, sai ka rantse an canza maka shi."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Baba.

Kullum da rana nake dawowa gida in yi girkin asibiti. Rana ta farko, tun daga ƙofa na ji ƙamshin suya. Na tarar da Injiniya ya miƙe ƙafa a falo yana suɗe yatsa.

"Uwargida, ashe kina ɓoye kayan daɗi a ƙanƙara ba ki faɗa? 'Yan ƙananan nan da ƙwai, ba a magana!"

"Abincin Malam ka cinye?"

Ya ɗan tsaya da yatsa a baki. "Ai na sani. Ɗanɗanawa na yi in ji ko bai lalace ba."

"Leda guda?"

"To ta ina zan san wanda ya lalace in ban bi su ɗaya bayan ɗaya ba? Kuma kar ki damu, na ba shi wanda ya fi wannan riƙe ciki."

Na ruga ɗakin Baba. Rabin biredi ne yake yawo a saman ruwan, ya jiƙe ya kumbura, Malam kuwa ya shige bayan dutse sai ɗan bakinsa ake hange. Da matatar shayi na dinga tsamo biredin ina tsaki. Na bar girki na nufi wajen mai kifi neman wani jatan landen. Ranar sai la'asar Baba ya ci abincin rana, kuma abin da ya fara tambaya shi ne Malam. Na ce lafiya lau yake.

Rana ta biyu na ɗora tukunya, na miƙa hannu robar gishiri, wayam. Na duba na ajiya, babu ko ƙwaya. Ina fitowa falo na yi karo da wani ƙaton firiji irin na masu sayar da lemo, mai ƙofar gilashi daga sama har ƙasa, tsaye a inda kujerata take. An zare masa duk kantocinsa. Injiniya yana bisa teburi yana huda masa kai da injin huda, ƙara ta cika gidan.

"Wannan kuma fa?"

"Fada!" ya yi ihu daga sama. "Fadar Malam! Ke ba kya jin kunya, babban baƙo irin wannan yana kwana a ɗan akwati? Kowa a duniya a kwance yake gina gidan kifi. Ni a tsaye zan gina. In liƙe ƙofar da gam, in cika shi da ruwa ta wannan ramin, in sa masa shuɗin ƙwan lantarki. Ranar Asabar Baba yana buɗe ido, sai ya ga kifinsa a bene!"

"Baba ya ce kar a sauya masa wuri."

"Baba bai ga wurin ba ne."

"Gishirina fa?"

Ya nuna min ƙasan firijin, ga shi can fari fat. Na ce masa gishirin Baba daban ne, na bokitin nan mai murfi, kuma da ma'auni ake haɗa shi, ɗan abin nan mai allura da ake tsomawa a ruwa. Ya yi dariya har teburin yana rawa, ya zaro harshensa ya nuna min.

"Ga ma'auni! Wannan bai taɓa ƙarya ba."

Miyar lami na kai asibiti. Baba ya kai loma ɗaya, idonsa a ɗaure da bandeji, ya tauna a hankali.

"Likita ne ya hana ni gishiri?"

"Shi ne, Baba."

"Allah ya saka masa. Malam fa?"

"Yana gaishe ka."

A nan ne fa maganar ta fita waje. Gishirina bai isa ba, don haka Injiniya ya garzaya wurin mai shagon bakin layi ya ce a ɗauko masa buhu guda. Matar mai shagon ce ta ba ni labari daga baya, tana yi tana share hawayen dariya. Mai shago ya tambaye shi ko sana'a zai canza.

"Na Malam ne," in ji Injiniya.

"Wane Malam?"

"Baƙon da ke gidana. Daga teku ya zo. Shi ba ya zama sai a cikin gishiri."

"A cikin gishiri? Ikon Allah! Me yake koyarwa?"

Duk mai hankali a nan zai ce kifi ne, a yi dariya a wuce. Amma Injiniya ya ga idon mai shago ya fito, ga tela ya tsayar da kekensa yana saurare, sai daɗi ya kwashe shi. Ya rage murya.

"Ba ya magana. Kallonka kawai zai yi."

Rana ta uku na same shi durƙushe gaban akwatin Baba da tocila, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Uwargida, zo ki gani, an shiga uku. Wani baƙin tabo ya fito masa kusa da wutsiya. Ga shi nan, kamar ido!"

"Da shi aka haife shi. Baba ya ce idon ƙarya ne, don manyan kifaye su rasa ina ne kan."

"Ai na sani," ya ce, ya tura wata leda ƙarƙashin gado da ƙafa.

Na jawo ledar. Man shafawa na ƙyasbi ne, da auduga, da maganin tsutsar ciki. Ashe har ya je kemis. Ya ce wa mai kemis Malam kwana uku bai ci komai ba, ga wani ido ya fito masa a wutsiya. Mai kemis ya cire tabarau ya ce, "A ina?" Ya ce, "A wutsiya." Mata huɗu ne a kan benci suna jiran allura, kuma kafin magariba babu gidan da labarin bai shiga ba.

Ni dai ba dariya nake ba. Malam da gaske ya daina ci. Ƙarar huda da buge-buge sun firgita shi, ya maƙale a bayan dutse, rawayarsa ta dusashe. Na tsuguna na sa masa jatan lande a bakin tsinke, na yi ta lallashi kamar mai jaririn goye, ko kallo bai yi ba. Tsoro ya kama ni sosai. In Baba ya buɗe ido ya tarar da akwati babu kowa, ban san da wane baki zan yi masa bayani ba.

Na tare Injiniya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Ka ga firijin nan? Ka cika shi da ruwa, ka cika shi da gishiri, in ka ga dama ka shiga da kanka. Amma in ka taɓa kifin nan, ni da kai ne."

"Haba, wa zai taɓa shi? Na yi miki alkawari, sai Baba ya gani ya ce a sa."

Rana ta huɗu kuwa gidana ya zama wurin ziyara. Ina dawowa na tarar da kwanuka jere a bakin ƙofa, mata sun aiko wa Malam abinci tunda an ce ba ya cin namu. Tela ya aiko tambaya ko Malam yana son a auna shi, kuma ta ina ake fitar da wutsiyar. Sai ga Gwaggo, tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu, wadda kunnenta ya yi nauyi amma ƙarfinta yana nan, don har yau ita ke ɗaga buhun gawayinta da kanta. Ta zo da gwiwarta a ɗaure.

"'Yar nan, an ce kun yi baƙo mai kallo ɗaya ciwo ya tafi."

"Gwaggo, kifi ne!"

"Ki fi wa? Ni ban zo gasa ba, gwiwa ce ta kawo ni."

"Na ce KIFI ne!"

"To in kifi yake so ai sai a soya masa."

Injiniya ya fito yana gyara wuyan riga, ya ce kowa ya yi haƙuri, Malam yana hutawa, amma gobe Asabar da la'asar zai fito kowa ya gan shi. Na harare shi, ya kau da kai. Kwanukan kuma ba wanda ya koma da ko loma, shi ya tashi da su, wai kar a ce Malam ya raina kyauta.

Firijin ya cika taf. Ƙofar tana ɗan kumburowa, don haka ya naɗe shi da igiyar shanyata zagaye uku. Kowane minti sai ya hau teburi, ya tsoma ludayi ta ramin sama, ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Saura kaɗan," ya ƙara gishiri. Kafin yamma leɓɓansa sun yi fari, ya shanye duk ruwan sanyin gidan.

Asabar da safe likita ya kwance wa Baba bandeji, ya ɗaga masa yatsu ya ƙirga daidai, aka ba shi baƙin tabarau aka sallame mu bayan azahar. Muna shiga motar haya Baba ya runtse ido gam.

"Baba, ciwo yake yi?"

"A'a. Yatsun likita dole ce ta sa na kalla. Sauran kallon na ajiye wa abokina, ba zan ɓarnatar da shi a kan titi ba."

Haka na riƙo hannunsa har ƙofar gida, ido a rufe. Ya taka wani abu, ya sake taka wani.

"Auta, me nake takawa?"

"Takalma ne, Baba."

"Duk waɗannan? Wa ya rasu?"

Na jingine shi a jikin ƙofa na kutsa. Falona ba masaka tsinke. Mai shago, tela, mai kemis, matan layi da mayafansu na fita, har da waɗanda ban taɓa gani ba. An lulluɓe firijin da zanin gadona. Injiniya yana tsaye bisa kujera a gefensa cikin kayansa na ɗaurin aure, riƙe da wani abu a rufe da tawul. Igiyar shanyata kuwa tana ƙasa a yanke, wai tana ɓata kyan fada.

"Jama'a!" ya ce. "Kun daɗe kuna jira. Ga fada!"

Ya fizge zanin da hannu ɗaya. Shuɗin ƙwai ya haska ruwa, ga duwatsu a ƙasa, ga furen roba na teburina yana lilo. Kowa ya miƙa wuya yana leƙe.

"To ina Malam ɗin?" in ji mai shago.

"Ga Malam!"

Ya yaye tawul. Babban kwanon gilashina ne na baƙi, da ruwan akwatin Baba a ciki, da Malam yana zagaye a firgice.

"Kifi?" in ji tela. "Kifi na guge wa rigata?"

"Ni kaza na yanka!" wata ta yi ihu daga baya.

"Wannan ne aka saya wa man ƙyasbi?" in ji mai kemis.

"Ku dai ba ku san daraja ba," in ji Injiniya. "Wannan da kuke gani, ko a teku sai an cika takarda ake ganinsa. Yanzu a gabanku zai shiga bene."

"Injiniya!" na ƙwalla. "Alkawarin fa?"

"Ai ga Baba can ya iso, kuma shirunsa yarda ce."

Ina ture mutane, shi yana ɗaga kwano wajen ramin sama. Ba wanda ya lura da Gwaggo. Ita ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta daɗe a tsaye cikin zafi tana jiran baƙo, ƙishi ya dame ta, ta ɗaga ido ta ga firijin lemo a gabanta da fitila a kunne. Ta yi abin da kowa yake yi in ya ga firiji. Ta kama marikin ta ja. Ya ƙi. Ta ce, "Kai, wannan ƙofa da taurin kai," ta dafe da ƙafarta mai lafiya ta fizga.

Wayyo falona! Gam ya yi ƙara ɓaraaak, ƙofa ta wangale, teku guda ta fito gaisuwa. Ruwa ya share tela ya zaunar da shi a cinyar mai shago. Mata suka kwasa da gudu suna salati, takalma suka riga masu su fita titi. Mai kemis ya haye hannun kujera yana ihu a kashe wuta, wani mai hankali ya kashe. Gwaggo kaɗai ce ba ta jiƙe ba, tana bayan ƙofar riƙe da mariki tana leƙen ciki.

"Ba ko lemo ɗaya," ta ce.

Kujerar da Injiniya yake kai kuwa ruwa ya ɗauke mata ƙafafu. Na ga mijina ya tashi sama da kwano, na rufe ido. Na ji tim!

Da na buɗe, yana kwance rigingine a tsakiyar falo, ruwan gishiri yana bin kunnuwansa, furen roba a ƙirjinsa, hularsa tana iyo wajen kicin. Amma hannayensa biyu suna miƙe sama ƙyam, kwanon yana tsakaninsu, ko rabin ruwan bai zube ba. Malam yana ciki da ransa. Zan faɗi gaskiya ko da ina fushi: a duk shekarun aurenmu ban taɓa ganin ya riƙe wani abu da kyau haka ba.

"Uwargida," ya ce da ƙaramar murya, "karɓi. Bayana ya riƙe."

Kafin in kai hannu na ji takun ruwa a bayana, caɓal, caɓal. Baba ne yake lalube da sanda, har yanzu ido a rufe.

"Auta, ina jin ƙamshin teku. Kai ni wurinsa."

Mutanen da suka rage suka dare. Na kawo shi har kan Injiniya, na jawo masa ɗan teburi ya zauna, ƙafafunsa cikin ruwa. Ya cire baƙin tabarau a hankali, ya sunkuya, ya buɗe ido.

Rana ta shigo ta ƙofar da aka bari a buɗe, ta faɗa daidai kan kwanon. Malam ya juyo ya tsaya a gaban fuskar Baba yana kaɗa 'yan fikafikansa. Baba ya ƙura masa ido. Sai na ga hawaye ya gangaro daga sabon idon da likita ya ce kar a bari ruwa ya taɓa.

"Ashe kana da zane-zane a gefe," ya ce wa kifin. "Shekara biyu ban sani ba. Ka rame, abokina, amma ka jira ni."

Ni ma kuka nake, har da shessheƙa, a gaban mutane. Tela da ke matse wandonsa ya daina matsewa.

"Baba," in ji Injiniya daga ƙasa, "sannu da dawowa. Hannuna ya fara rawa. A taimaka a ɗaga ni."

Na miƙa hannu zan karɓi kwanon in mayar da Malam akwatinsa. Baba ya tare ni da sanda, idonsa bai bar kan kifin ba.

"Minti biyar, Auta. Kai kuma kar ka motsa. Ɗan ɗaga na hagun. Yawwa, hasken ya yi daidai a nan."